Daga “Zan” Zuwa “Za Mu”

Ɗan'uwa mai karatu, da kai nake, ko kana nan Doha tare da mu, ko kana can gida kana jiran saƙon ƙarshen wata. Ke ma 'yar'uwa da ke nake, duk inda na ce “ka” ki ɗauka har da ke.

Ƙarshen Disamba a Doha lokaci ne mai daɗi. Zafin nan da ke gasa mutum tun Mayu ya sauka, an gama bikin ranar ƙasa ta 18 ga wata, da daddare bakin teku a Kornish ya cika maƙil da masu shan iska. Daren 31 ga wata kuma jama'a su yi tururuwa zuwa Lusail kallon wasan wuta. To a wannan makon ne wayoyinmu ke cika da wani irin rubutu da muka ara muka yafa, wato ƙudurin sabuwar shekara. Bana na ce bari in zauna in karanta waɗannan ƙudurori a tsanake, yadda ake karanta littafi idan za a yi masa sharhi. Na bi na abokai a WhatsApp da Facebook, na kuma ɗauko tsohon littafina na aljihu inda nake rubuta nawa.

Ga irin abin da na tarar. Zan kammala ginina na gida. Zan rage tumbi. Zan sauke Alƙur'ani sau kaza. Zan koyi Larabci. Zan sauya wurin aiki. Zan yi aure, ko zan ƙara. Zan kai Hajiya Umra. Zan daina ɓata lokaci a waya. Duk cikinsu babu na zargi, wallahi wasu ma ibada ne tsantsa. Amma ka sake duba farkon kowane layi. “Zan” ne daga sama har ƙasa. A duk waɗanda na karanta ban ci karo da “za mu” ko sau ɗaya ba, har a nawa littafin. Wannan 'yar kalma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kada ka za ci zan shiga rigimar ko ya halatta Musulmi ya kula da 1 ga Janairu. Wannan fagen malamai ne, kuma duk shekara ana yin ta a gaji a bari. Wanda ya ɗage nasa lissafin zuwa 1 ga Muharram ma, na duba, “zan” ɗin ce dai ta bi shi can. Asalin al'adar kam sananne ne. Rumawa ne suka raɗa wa Janairu sunan gunkinsu Janus, mai fuska biyu, ɗaya na duban baya ɗaya na duban gaba, kuma kalandar Juliyas Kaisar da ta fara aiki shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa ta tabbatar da 1 ga watan a matsayin farkon shekara. A zamaninmu kuwa kasuwa ce ta karɓe ragamar abin: gidajen motsa jiki su karya farashi a Janairu, shagunan littattafai su jera littattafan “gyara kanka”, masu wa'azin arziki a intanet su buɗe sabon aji. Abin da ake sayar maka a duk wuraren nan ɗaya ne, wai kai kaɗai ne matsalar kanka, kuma kai kaɗai ne maganinta.

In za a yi adalci, akwai alheri a ciki. Mutum ya tsaya ya yi wa kansa hisabi abu ne da addininmu ma ya kwaɗaitar. Baƙon da ba shi da lissafi sai ya yi shekara goma a ƙasar mutane ya koma da akwati biyu da ciwon baya. Don haka ban ce ka yaga takardarka ba. Aibi uku na gani a jikinta, su nake so mu duba tare.

Na farko, ƙuduri ba shi da shaida, ba shi kuma da wanda zai cutu idan ka saɓa. Ka ce za ka riƙa tattaki kullum bayan Asuba, ka yi kwana tara ka watsar, wa zai tambaye ka? Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, John Norcross na Jami'ar Scranton, ya bi diddigin mutum 200 masu irin wannan ƙuduri a ƙarshen shekarun 1980. Bayan mako ɗaya kashi 77 cikin ɗari na nan a kan bakansu, bayan shekara biyu saura kashi 19. Bahaushe bai buƙaci jami'a ba kafin ya gane haka. Shi ya sa ya ce alƙawari kaya ne, bai ce niyya kaya ce ba. Alƙawari wani ake yi wa, akwai ido da ke kallonka, akwai kunyar haɗuwa a masallacin Juma'a. Ka lura da kanka mana: sau nawa ka fasa tashi motsa jiki, sau nawa kuma ka fasa zuwa filin jirgi tarbar wanda ka ce wa za ka zo?

Aibi na biyu ya fi ci mini rai. Wannan al'ada an ɗinka ta ne daidai jikin mutumin da lokacinsa da albashinsa ke hannunsa. Mu a nan kashi-kashi ne. Akwai likita da injiniya da malamin jami'a da ɗalibi, akwai kuma maigadi da direba da mai shara da mai kai saƙo a babur, waɗanda ke kwana a ɗakunan kamfani can Sana'iyya, mota ta kwashe su da duku-duku ta dawo da su bayan Isha. Mafi ƙarancin albashi a Katar, bisa dokar da ta fara aiki a Maris 2021, riyal 1,000 ne, wajen dala 275 ke nan, sai ƙarin 500 na wurin kwana da 300 na abinci idan kamfani bai tanada ba. Ka ce wa mai wannan albashi ya “gyara ɗabi'unsa” don ya yi arziki, alhali abin da ya tsaya masa a wuya shi ne wata uku ba a biya shi ba? Nasa ƙudurin na gina ɗaki biyu a ƙauye ba ragwanci ne ya kashe shi ba. An riƙe masa haƙƙi ne, kuma babu wanda ya raka shi ya karɓo.

Bari in ba ka labarin da ya sa na daina alfahari da littafina. Wata shekara na rubuta ƙuduri shida, na cika huɗu, ina ta jin kaina. Ashe a wannan shekarar akwai wani yaro ɗan garinmu, wanda tafiyar da ke tsakanina da shi ba ta kai ta minti arba'in a mota ba. Mahaifinsa ya sayar da gona ya biya wani ejan, aka yi masa alƙawarin aikin ofis, ya sauka ya tarar da aikin gadi na awa goma sha biyu. Fasfonsa na cikin durowar kamfani, albashi ya tsaya wata huɗu, kunya kuma ta hana shi faɗa wa kowa. Ban ji labarin a Doha ba. Daga gida na ji, sai da mahaifiyarsa ta je wajen tawa tana kuka. Da na same shi ya rame, ya ce mini, “Yaya, ai na ga hotunanka, na ɗauka ba ka da lokacin irinmu.” Maganar nan har yau tana sukata. Abin da na yi masa bai taka kara ya karya ba: na karanta kwantiraginsa, na raka shi shigar da ƙara, na riƙa kiransa. An ɗauki makonni, ya karɓi fasfonsa da mafi yawan kuɗinsa. Da na san da shi tun watan farko, da bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Ƙudurori huɗun nan da na cika, babu wanda ya amfane shi da ƙwayar zarra.

Na san abin da za ka ce. “Malam, ai mu duk zamanmu a nan don wasu muke yi. Rabin albashina gida yake tafiya.” Gaskiyarka. 'Yan Najeriya mazauna waje na aika kusan dala biliyan 20 gida a shekara, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, naira ta faɗi, nauyin da ke wuyan ɗan ci-rani ya ninka. Allah Ya saka da alheri. Amma a nan aibi na uku yake. Mun ɗauka idan mun ciyar da gidanmu mun sauke haƙƙin jama'a. Tun muna yara a makarantar zaure aka koya mana farilla iri biyu: ta aini, wadda ke kan kowa shi kaɗai, da ta kifaya, wadda ke kan jama'a gaba ɗaya, idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ciyar da iyali naka ne kai kaɗai. Wankan gawar baƙo da sallatarta fa? Ceto wanda aka zalunta fa? Takardun ƙudurinmu cike suke da irin na farko, na biyun kuwa mun bar wa wani bawan Allah mai suna “wani zai yi”. A gida wannan “wani” yana nan: mai unguwa, liman, dattawan layi. A Doha idan ba ni da kai ba, babu shi.

Abin takaicin shi ne iyayenmu da suka riga mu fita sun fi mu sanin wannan. Duk inda Bahaushe ya sauka a Afirka ta Yamma, daga Kumasi zuwa Accra zuwa Ibadan, zango yake kafawa, da sarki da limami da masauki. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916, kuma wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinta ya fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya nuna shi ne cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsaya ne a kan maigida: shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan an karɓi kaya bashi. Ba waliyyai ba ne, suna cin ribarsu. Sun dai gane cewa idan aka cuci baƙo ɗaya aka yi shiru, amanar zangon duka ce ta zube, kasuwar kowa kuma ta mutu. Haka aikin gayya yake a ƙauye: yau a gonarka, gobe a tawa, wanda ya noƙe kuma ranar tasa ya ga wayam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya haddace, amma a aikace muka bar ta a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Idan kana neman misalin da ya fi wannan daraja, koma Makka kafin aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani baƙo ɗan kasuwa daga Yaman ya sayar wa Al-As ɗan Wa'il kaya, ya hana shi kuɗinsa, don ya ga ba shi da dangi a garin. Baƙon ya hau dutse ya yi kururuwa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi rantsuwa cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Ita ce yarjejeniyar da ake kira Hilful Fudul. Manzon Allah ya halarce ta yana matashi, bayan zuwan Musulunci kuma ya yabe ta. Ka duba siffarta da kyau: mutane ne sanannu, a wuri sananne, suka ɗauki alƙawari ɗaya tak, a gaban juna, saboda wanda ba nasu ba. Irin wannan nake so ya maye gurbin takardar “zan”.

Sai dai Doha ba Ibadan ba ce, kuma duk wanda ya ce maka a kwaikwayi zango yadda yake bai san garin ba. Nan zaman kowa na rataye ne da katin zama da kwantiragi. Ma'aikaci baƙo ba shi da damar shiga ƙungiyar ƙwadago. Tara gudummawa daga jama'a ba tare da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar ayyukan agaji ta 2014, akwai kuma hukumar da ke sa ido a kai. Don haka masu saurin buɗe asusu a WhatsApp su ce “kowa ya turo”, a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. Mai son ba da sadaka mai yawa ga Qatar Charity nan, ga ƙungiyar Red Crescent ta ƙasar, hanyoyi ne da doka ta sani. Abin da ya rage mana, wanda babu dokar da ta hana, ya ma fi kuɗi tsada a wurin baƙo: sani, da lokaci, da gaskiya.

Ɗauki sani tukuna. Dokokin aiki a ƙasar nan sun sauya sosai. Tun 2015 ake biyan albashi ta banki don hukuma ta ga wanda bai biya ba. A 2018 aka soke takardar izinin fita ga mafi yawan ma'aikata, aka kuma kafa asusun tallafa wa waɗanda aka riƙe wa haƙƙi. A 2020 aka cire sharaɗin sai maigidanka ya yarda kafin ka sauya aiki, abin da ake nema shi ne sanarwar wata ɗaya idan ba ka wuce shekara biyu ba, wata biyu idan ka wuce. Riƙe fasfon ma'aikaci ba da son ransa ba laifi ne mai tarar da ta kai riyal 25,000. Wanda ya cika shekara yana da kuɗin sallama, aƙalla albashin mako uku a kan kowace shekara. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma. Ba na ce komai na tafiya yadda aka rubuta ba. Akwai masu kamfanin da ke ja, akwai masu tsoratar da yaro da cewa za su kai rahoton ya gudu, shari'a kuma takan ja lokaci. Amma dokar da mutum bai san da ita ba, shi da babu duk ɗaya. Kai da ke jin Turanci ko Larabci, awa ɗaya da za ka zauna da yara biyar ka warware musu waɗannan da Hausa ta fi musu buhun shinkafa.

Sai lokaci. Juma'a ɗaya a wata, ka shiga mota ka je Sana'iyya ka ci abinci da 'yan garinku. Ka san wanda ke kwance a Asibitin Hamad ba mai dubiya. Ka koyi hanyar takardun da ake bi idan an yi rasuwa, tun kafin ranar ta zo, don wallahi ranar ba a iya koyon komai. 'Yan'uwa mata kuma, akwai masu aikin gida da ba sa fita sai da dalili, kiran waya ɗaya a mako daga wata babbar yaya na iya zama duk abin da ya haɗa su da duniya.

Ta ukun ta fi wuya, ita ce gaskiya. Hotunan da muke ɗauka a gaban dogayen benaye da motocin da ba namu ba, su ne jarin ejan a Kano da Katsina da Maradi. Da su yake nuna wa uba ya sayar da gona. Abin da ake kira “biza ta kyauta”, wadda za ka saya ka zo ka nemi aiki da kanka, doka ba ta san da ita ba, kuma a ƙa'ida mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci. Ka yi alƙawarin cewa duk wanda ya tambaye ka daga gida za ka faɗa masa albashin gaskiya, da tsadar ɗaki, da awannin aiki, ko da hakan zai rage maka kwarjini a majalisa. Ku ma na gida akwai naku kason. Kafin a sayar da fili, a turo takardar a karanta. Idan yaro ya yi shiru wata biyu, a tambayi lafiyarsa kafin a tambayi saƙo.

Kada kuma in yi mana kara. “Za mu” ma tana da nata ciwon, duk mun gani. A kafa ƙungiya, wata uku ana rigimar wa zai zama shugaba. A buɗe zaure a WhatsApp, ya koma wurin tura bidiyon siyasa da gardamar Izala da Ɗariƙa. Ɗan Najeriya gefe, ɗan Nijar gefe, alhali harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, kamfani ɗaya ke riƙe musu albashi. A yi adashe, wanda ya kwashi farko ya sauya lamba. Saboda haka ne mutanen kirki da yawa suka ja jiki suka koma “zan”, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Sai dai maganin rubabben gini ba kwana a fili ba ne. Abin da na gani yana aiki shi ne a yi abin ƙarami. Mutum uku zuwa biyar da suka san juna, ba shugaba ba sakatare. Aiki ɗaya, mai suna, mai rana. A faɗe shi da baki a gaban juna. Idan kuɗi ya gifta tsakaninku, ko riyal goma ne, a rubuta. Bayan wata uku a zauna a sha shayi a tambayi juna: wa muka kai wa, wa muka manta?

Ni dai ga nawa na bana, na kuma faɗe shi a nan ne don ka zama shaida. Mu huɗu ne. Juma'ar farko ta kowane wata muna Sana'iyya. Duk wanda ya sauka daga yankinmu muka ji labari, a cikin makonsa na farko ɗayanmu zai karanta masa kwantiraginsa ya ba shi lambar waya. Shi ke nan, ba mu ƙara komai a kai ba, don kada mu ɗauki abin da zai gagare mu. Tumbin nawa yana nan, ginin ma bai kai linta ba, zan ci gaba da fama da su. Idan ka haɗu da ni a Suk Wakif a watan Yuni, kada ka tambaye ni su. Ka tambaye ni yara nawa muka gani, in kuma na fara kame-kame ka tuna mini da wannan rubutu.

Kai kuma fa, su wa za ka kira a daren nan?

Allah Ya sa mu ga ƙarshen shekara lafiya, Ya mayar da kowa gida da mutuncinsa.